Faifan Burki: Ƙarfen Da Ba A Dubawa Sai Ya Yi Kuka

Wata Laraba da hantsi, jajibirin kasuwar Maigatari, na shiga gidanmu na Magarya na tarar da yayana ya tuɓe riga ya durƙusa a gindin tsohuwar Corollarsa. Ya cire tayar gaba ta hannun dama ya jingine ta da bango, ga sifanoni baje a kan buhu, ga wani ɗan kwali na sababbin filaket da ya sayo a bakin tasha. Karo na uku ke nan da zai canja su tun bayan babbar salla. Kowane karo, ƙarar nan ta gugar ƙarfe da ƙarfe takan lafa ne na ƴan kwanaki ta dawo, sitiyari kuma ya riƙa yi masa rawa a hannu duk lokacin da ya taka burki a kan gudro.

Na ce, "Yaya, ka taɓa duba faifan nan kuwa?"

Ya ce ai wannan ƙarfe ne, ƙarfe ba ya ƙarewa, filaket ne jabu suka cika gari.

Na durƙusa na shafa faifan da yatsa. Fuskarsa, wadda ya kamata a ji ta sumul, ta yi kunya-kunya kamar gonar gyaɗar da aka yi wa huɗa. A bakinsa kuma ga wani tudu da farce ke maƙalewa, kamar leɓen faranti. Wurin da filaket ba ya taɓawa ke nan, shi ne shaidar kaurin da faifan ya zo da shi, sauran duk ya bi iska tsakanin Magarya da Dungas. Na kama hannunsa na ɗora a wurin. Ya yi shiru, ya daɗe yana shafawa.

Ba yayana kaɗai ke da wannan tunani ba. A tashoshinmu kowa ya san filaket, har yaron mota da ya fara aiki jiya, domin shi ne ke ƙarewa a ido, shi ne mai araha, shi ne ake canjawa kafin shayi ya nuna. Faifan da filaket ɗin ke matsewa kuwa, wanda makanikai ke kira disk, an ɗauke shi kamar gadon gida. Alhali shi ma yana cinyewa, kuma masana'antar da ta ƙera shi ta rubuta iyakar rayuwarsa a jikinsa, da lamba. Lambar ce ba mu karantawa.

Ƙasar yashi da lodi

Wanda bai san yankin ba zai yi mamakin yadda gyaran mota a tsakar gida ya zama ruwan dare. A Turai da Amurka mutum yakan canja faifan burki a gida ne don sha'awa, ko don ya rage kuɗin gareji. A nan dole ce. Magarya tana kimanin kilomita 90 kudu da birnin Damagaram, a kan hanyar ƙasa mai lamba 11 wadda ta gangaro daga Agadas ta ratsa Tanut da Damagaram da Bande, ta wuce Tinkim ta faɗa Najeriya. Dungas, da ke gabas da ita, a cikin gundumar Magarya take har shekarar 2011 da aka ba ta gashin kanta. A ƙidayar 2012 gundumar Magarya ta haura mutum dubu 570, ta Dungas kuma ta haura dubu 350. Jama'a ce mai yawa, warwatse a ɗaruruwan ƙauyuka, daga Sasumburum da Kwaya da Yekuwa zuwa Waca, Guci, Malawa da Dogo-Dogo. Da zarar ka sauka daga kwalta sai burji, daga burji sai rairayi. Mai motar da ke kwana a ƙauyen da ke bayan Malawa ba zai tafi neman gareji da burkin da ke kuka ba, sai dai ya kira wani da ya taɓa zama a gareji su haɗu a gindin bishiya.

Ita kuma wannan ƙasa ba ta raga wa burki. Yashi yana shiga tsakanin filaket da faifai ya zauna, kowace takawa ta zama kamar an goga samfefa. Da hunturu ƙura ce, da damina kuma fadamun Korama su cika, mota ta fito daga gudu da faifai mai zafi ta tsunduma cikin ruwa da taɓo. Sannan ga lodi. Ranar Alhamis ka tsaya a hanyar da ta nufi Maigatari daga Dungas ka ga abin da ake ɗora wa Hiace da Starlet da tsofaffin Peugeot: mutane a ciki, buhunan riɗi da wake a sama, awaki a but, wani lokaci da damin rake ya leƙo ta baya. Hanyar kuma ba ta mota kaɗai ba ce. Amalanken shanu ne, ƴan kabu-kabu ne, garken da ake korawa kasuwa ne, yara ne ƴan lakwal. Direban nan yana taka burki a tafiya ɗaya fiye da yadda wani zai taka a mako.

Aikin burki shi ne ya mai da gudu zafi. Mota mai nauyin kilo 1,200 da ke gudun kilomita 80 a awa, idan aka tsayar da ita cak, zafin da ke fita ya isa ya tafasa lita guda ta ruwa, kuma cikin daƙiƙa huɗu ko biyar yake fitowa. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan zafi, ko fiye, faifan gaba guda biyu ne ke shanye shi, saboda nauyin mota yana rinjaya gaba idan an taka burki. Hiace da aka yi wa lodi ta kai tan 3, tana gudun 90, zafinta ya ninka wancan sau uku har da ɗoriya. Idan kuma gudu ya ninka biyu, zafi da tazarar tsayawa sau huɗu suke ninkawa. Faifan ƙarfen zubi ne, kaurinsa shi ne cikinsa. Mai kauri yana haɗiye zafin ya sake shi a hankali ta ramukan iskar da ke tsakiyarsa. Wanda ya sirance kuwa nan da nan yake ƙoshi, sai filaket ya fara ƙonewa yana santsi, zafin ya ratsa zuwa man burki, direba ya taka ya ji kamar ya taka soso. Idan abin ya yi tsanani faifan yakan tsage.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniyan Ingila mai suna Frederick Lanchester ya yi rajistar burkin faifai tun 1902, amma sai da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans na Faransa da shi a 1953, sannan Citroën ta sa shi a motarta DS a 1955, duniya ta karɓe shi. Motocin da ke zuwa mana yau kusan duk faifai ne a gaba, a baya kuma yawancin tsofaffin ganga ce, wadda ake kira tambur.

Lambar da ke ɓoye a cikin tsatsa

A bakin kowane faifai na ƙwarai, ko a kan hularsa ta tsakiya, akwai rubutu da aka buga cikin ƙarfen: MIN TH, sai lamba. Ma'anarsa kaurin da idan faifan ya kai shi, aikinsa ya ƙare. Tsatsa da jar ƙasa sukan rufe shi, sai an goga da burushin waya yake bayyana. A ƙananan motoci da yawa tazarar da ke tsakanin sabo da matacce milimita 2 ce kacal: ya zo da 22, ya mutu a 20. Milimita ɗaya ke nan daga kowace fuska, abin da bai kai kaurin ƙwandala ba. Shi ya sa ido ba ya iya yanke hukunci, kuma shi ya sa maganar "ai har yanzu da sauransa" take yawan fita daga bakin mutanen da suka shekara talatin suna tuƙi.

Ana auna shi da ɗan ma'aunin kauri mai zamewa irin na masu injin sassaƙar ƙarfe. Sai dai akwai tarko: idan bakin ma'aunin ya hau kan leɓen nan na gefe, zai ba ka kaurin sabon faifai ne, ka tashi da murna. Dabarar ita ce a ɗora ƙwandala ɗaya a kowace fuska, a cikin wurin da ya cinye, a auna gaba ɗaya, sannan a cire kaurin ƙwandalolin. A yi haka a wuri huɗu ko shida kewaye da faifan, domin idan wani wuri ya fi wani kauri, ko da da ɗan abin da bai kai silin gashi biyu ba, shi ne ke sa feda ta riƙa bugun ƙafa, sitiyari yana karkarwa.

Na yayana mun auna shi da ma'aunin da muka aro wurin wani mai walda a unguwarmu. Ya gota iyakarsa da fiye da milimita ɗaya da rabi. Da muka goge shi sosai sai ga wasu siraran tsaga kamar na busasshiyar fadama, da tabo shuɗi-shuɗi inda ya taɓa ƙonewa. Da wannan faifai yake shirin ɗaukar mutum shida da kaya washegari.

Akwai masu cewa a kai wa mai injin ƙarfe ya feƙe fuskar ta koma sumul. Wannan gyara ne na gaskiya, amma sai faifan yana da sauran kauri, yadda bayan an feƙe zai tsaya sama da lambar. Wanda ya riga ya kai iyaka, feƙewa ƙara masa ciwo take yi, ko da ya fito yana sheƙi. Wanda ya tsage kuma ba a yi masa walda. Ƙarfen zubi ne, zafin walda yana sa shi ƙara gautsi, kuma na ga an yi, shi ya sa na faɗa.

Sabo, ɗan Beljiyom, ko na kwali

Samun faifan shi ne rabin wahalar. Kayan gyaran motocin wannan yanki ta hanya biyu suke zuwa. Ko dai daga Damagaram, ko kuma daga Kano, inda Ƙofar Ruwa da Sabon Gari suke cike da su, kuma ga mutumin Dungas ko Magarya sau da yawa Kano ta fi hannu. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa burki. An gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin da ya biyo baya, har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe. Hanyar Kwatano kuma, wadda shekara da shekaru ita ce ƙofar tsofaffin motocin Turai da kayansu, ta toshe bayan juyin mulkin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Duk lokacin da kaya suka yi wuya, abin da mai mota ke fara jinkirtawa shi ne abin da bai hana motar tashi ba. Mota ba ta tashi babu batir. Da mataccen faifai kuwa tana tashi lafiya lau.

A kasuwa iri uku za a nuna maka. Akwai na asali ko na kamfanonin da suka yi suna, mai tsada. Akwai ɗan Beljiyom, wato wanda aka kwance daga motar da ta mutu a Turai. Akwai kuma sabo fil a kwali mai ƙyalli, mai araha, wanda ba ka san inda aka zuba shi ba. Mutanenmu sun fi yarda da ɗan Beljiyom, kuma a kan injin ko giya ina tare da su. A kan faifan burki kuwa sai da ma'auni a hannu, domin wani an kwance shi ne yana dab da iyakarsa, ka biya kuɗi ka sayi ragowar wata shida. Na kwalin kuma a ɗaga shi a ji nauyinsa, a kwatanta da tsohon. A leƙa ramukan iskar: idan ramin ya yi faɗi, bangon biyu kuma sun yi sirara, an yi rowar ƙarfe ne, kaurin waje daidai amma cikin fanko. A duba ko an buga lambar iyaka a jikinsa. Wanda babu lamba ko kaɗan, ni dai ba na saye. Turai tana da tambarin inganci na kayan burki, harafin E a cikin da'ira da lamba 90R, kuma samunsa alama ce mai kyau, sai dai mai jabu ma ya iya buga tambari. Araha ba ta ado, balle a ƙafar mota.

A tafi kasuwa da tsohon faifan a hannu, ko a aika shi da direban da aka amince da shi. Corolla kala-kala ce, wadda aka yi don Turai da wadda aka yi don Amurka ko Dubai ba lallai faifansu ya zo ɗaya ba. A haɗa su fuska da fuska a ga faɗi, da tsayin hula, da yawan ramukan noti. Kuma biyu ake saye, dama da hagu, tare da sababbin filaket. Nan ne gardama ta fi yawa, domin kuɗin ya ninka. Amma idan ƙafa ɗaya tana kamawa fiye da ɗaya, motar za ta fizga gefe ranar da aka taka da ƙarfi, kuma ranar da ake takawa da ƙarfi ita ce ranar da saniya ta faɗo hanya. Tsohon filaket kuma ya riga ya ɗauki zanen tsohon faifai, zai kwafe shi ne a kan sabon. Yayana bai je Maigatari ba a wannan Alhamis. Sai Asabar faifan suka iso.

Aikin kansa

Abin da ya fi kashe mutane a wannan aiki ba burkin ba ne, jak ne. Tsakar gidajenmu yashi ne, jak kuma ƙafarsa ƴar ƙarama ce, tana nutsewa a hankali ba tare da an lura ba har motar ta zame. A nemi wuri mai tauri, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak. A ja burkin hannu, a sa giya, a tokare tayoyin baya da dutse ko gungume gaba da baya. A sassauta notin taya tun motar tana ƙasa. Bayan an ɗaga, a sa wani abin da zai riƙe ta ban da jak: gungumen itace mai lafiya, ko turmi da aka kifa idan mai ƙarfi ne. Bulon siminti kada a yarda da shi, yana fashewa ba sallama. Tayar da aka cire a tura ta kwance ƙarƙashin motar. A kori yara. Na san yadda suke taruwa, kowa yana so a ce ya miƙo sifana, amma wannan ba wurinsu ba ne.

Idan taya ta fita, za a ga ƙarfen da ya rungume faifan kamar muƙamuƙi, wanda filaket ke zaune a cikinsa. Noti biyu ne ke riƙe da shi ta baya. Idan an kwance shi, kada a sake shi ya rataya a jikin tiyon man burki. Tiyon roba ne da zare a ciki, nauyin yana iya yi masa rauni ta inda ido ba ya gani, ya fashe wata rana a kan hanya. A ɗaure muƙamuƙin da waya a jikin sifirin. Daga nan sai ƙarfen da ke ɗauke da shi, mai manyan noti biyu masu taurin kai, waɗanda sukan buƙaci a zura bututu a sifana a ƙara mata tsawo.

Ƙurar da ta taru a wurin baƙa ce, mai laushi, kuma al'adar makanikai ita ce su hure ta da baki. A daina. Filaket masu araha har yanzu wasu da sinadarin asbestos ake yin su, wanda Tarayyar Turai ta haramta gaba ɗaya tun 2005 saboda yana kawo cutar huhu da sankara bayan shekaru. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, a yar da tsumman.

Faifan kansa, a ƙananan motoci, zare shi kawai ake yi, sai dai tsatsa takan manne shi. A yawancin motocin Toyota akwai ƙananan ramuka biyu masu zare a kan hular. Idan aka ɗaura noti mai kaurin milimita 8 a ciki, ana juya wannan kaɗan, wancan kaɗan, sai ka ji ƙas, faifan ya saki. Ya fi dukan guduma, wanda ke gajiyar da boris.

Ga wurin da ake yin kuskuren da ke ɓata aikin duka, kuma kauce masa ba ya cin ko dala. Fuskar cibiyar da faifan ke zama a kanta, sai an goge ta tas da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya fito fari. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɓawon tsatsa idan ya rage a wurin, sabon faifan zai zauna a karkace. Karkatar da masana'antu ke yarda da ita ba ta wuce kashi 5 cikin 100 na milimita ba, kusan kaurin gashin kai. Abin da ya wuce haka, bayan wata biyu ko uku rawar sitiyari za ta dawo, a ce faifan jabu ne, alhali yashin tsakar gida ne. Mu tabarma muka shimfiɗa, muka hana kowa ɗora komai a ƙasa, muka jira iska ta kwanta. Sabon faifan kuma yana zuwa da wani mai a jikinsa don kada ya yi tsatsa a jirgin ruwa, sai an wanke shi da ruwan sabulu an shanya, ko da abin wanke burki na gwangwani idan an samu.

Sabon faifai da sabon filaket sun fi tsofaffin kauri, saboda haka sai an mai da fistan ciki kafin muƙamuƙin ya shiga. A buɗe murfin ɗan tankin man burki, a ɗora tsohon filaket a kan fistan, a matsa a hankali, ana duba tankin kada ya yi ambaliya. A zare sandunan nan biyu da muƙamuƙin ke zamewa a kansu, a wanke, a shafa musu giris na burki, a duba robarsu. A yankinmu robar nan takan yage, yashi ya shiga, sandar ta ƙage, sai filaket ɗaya ya cinye ƙurmus ɗaya yana nan sabo. Duk wanda ya ga haka a motarsa, ga dalilin. Giris kuma kada ko ɗigo ya taɓa fuskar faifai ko ta filaket.

Wajen ɗaure taya, a bi noti a tsallake, wannan sannan na daura da shi, ba a jere ba, kuma a ɗaure sau biyu ko uku ana ƙarawa. Ƙananan Toyota da yawa ƙarfin ɗaurinsu 103 ne a ma'aunin da injiniyoyi ke kira niyuton-mita, wanda bai wuce mutum ya danna sifanar taya da hannu biyu da ƙarfinsa ba. Hawa kan sifana da ƙafa ana tsalle, kamar yadda ake yi a wurin masu faci, yana murɗe faifan, yana kuma gajiyar da kusoshin.

Masu tsohuwar Hiace da Hilux da Land Cruiser da Peugeot 504 su lura, nasu ba haka yake ba. Faifan a bayan cibiya aka ɗaure shi, sai an fitar da cibiyar gaba ɗaya da boris ɗinta, a wanke, a sake cika giris, a ɗaure babban notin daidai, ba sako-sako ba, ba kuma a shaƙe ba, a sa sabon makulli. Idan aka kuskure nan, taya ce ke fita da gudu. Wanda bai taɓa yi ba, shawarata ya kira wanda ya iya ya zauna kusa da shi a karon farko, ko da zai biya shi kuɗin yini.

Kafin a tayar da mota

Mun gama wajen la'asar. Yayana ya wanke hannu, ya shiga, ya tayar, ya sa giyar baya zai fita. Na ga motar ta taho, na ga fuskarsa ta canja. Ya taka burki feda ta tafi har ƙasa babu komai. Allah ya sa a hankali yake, kuma hannunsa ya kai ga burkin hannu. Motar ta tsaya taku biyu daga randar ruwa, inda ƴarsa ƙarama take tsugune ɗazu kafin uwarta ta kira ta. Mahaifiyarmu ta fito daga ɗaki tana salati. Babu wanda ya yi magana na ɗan lokaci.

Laifina ne da nasa, mun manta abu ɗaya. Fistan da aka tura ciki yana nesa da filaket, takawar farko da ta biyu ba sa kama komai, suna cike gurbi ne kawai. Kafin mota ta motsa ko taku ɗaya, sai an taka burki sau da yawa tana tsaye, har feda ta yi tauri a ƙafa. Tun daga ranar, duk wanda na ga yana wannan aiki, abin da nake fara faɗa masa ke nan, kafin ma maganar ma'auni.

Sai a duba man burki. Shi ma ana wulaƙanta shi. Irin da aka rubuta a murfin tanki, DOT 3 ko DOT 4, shi za a zuba, daga gwangwanin da ba a daɗe da buɗewa ba, domin man yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155, kuma idan ya tafasa tururi ne a cikin bututu, tururi kuwa ba ya tura fistan. Shi ya sa ake so a sauya shi duk shekara biyu. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa idan mai ya tsiyaye a daji, da man inji ko man giya, duk suna lalata robobin ciki ko su sa tsatsa. Wanda larura ta sa ya zuba, to, ya sani sai an wanke bututun duka an canja robobi.

Sabon faifai da filaket kuma sai sun saba da juna. A fita hanyar da babu jama'a, a kai gudun 50 ko 60, a taka a hankali har a sauko kusan tsayawa, a sake, a maimaita kamar sau goma ana barin iska tana shiga tsakani. Kwanakin farko a guji lodi mai nauyi da burki na gaggawa in ba dole ba. Mu hanyar Tinkim muka bi, da magariba ta kusa, babu kowa sai amalanke ɗaya-ɗaya da ke dawowa daga gona. Sitiyarin bai motsa ba. Yayana ya taka, ya sake takawa, ya ce ashe shekara biyu ya yi yana tuƙa motar da ya manta yadda take tsayawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma Afirka, duk da ƙarancin motocinta, ita ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A nan, wanda ya ji mummunan rauni a hanyar Dungas ko ta Waca, sau da yawa sai an kai shi babban asibitin Damagaram, tafiyar da take da tsawo ga mai zubar da jini. Jandarman da ke kan shinge takardu zai duba, da fitila, da lodi, ba zai cire taya ya auna faifai ba, kuma ba aikinsa ba ne. Abin da nake ganin zai yiwu gobe-goben nan shi ne ƙungiyoyin direbobi na tashoshin Magarya da Dungas su sayi ma'aunin kauri ɗaya-ɗaya su ajiye a ofis, kuɗinsa bai kai na jarkar mai ba, duk wanda zai canja filaket a ce ya auna faifan tukuna, a rubuta lambar a littafi kusa da lambar motarsa. Makanikan da ke koya wa yara aiki a gindin dalbejiya su ma su nuna musu inda rubutun yake tun ranar farko.

Tsofaffin faifan biyu sun daɗe a bayan ɗaki. Ɗaya wani ɗan gwangwan ya auna shi a sikeli ya jefa a buhu tare da ƙarafan da zai kai Kano. Ɗayan mahaifiyarmu ta hana a sayar, ta sa aka zura igiya ta ramin tsakiyar, aka binne rabinsa a gindin bango, shi ne turken akuyarta har yau.